Ranar da Na Nuna wa Ƙanena Hanyar Fadama

Da Allah zai ce in zaɓi abu ɗaya cikin abubuwan da na aikata a mayar da shi kamar ba a yi ba, ba zan zaɓi gonar da na saki a shekarar fari ba, ba kuma saniyar da na bari ta mutu saboda taurin kaina ba. Magana ce zan zaɓa, ƴar gajeriya, wadda na faɗa wa ƙanena Haruna a ƙofar gidanmu wata safiya ta damina. Na ce masa, "Ta fadama ta fi kusa." Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, domin kuwa ta fadamar ta fi kusa. Yanzu da gemu ya yi fari, ido ya fara gajiya, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, ku ƴaƴana da jikokina, da ɗan rubutun nan da na tsira da shi, kafin ku ji shi a bakin wani.

Mu biyu ne maza wurin Inna, ni da Haruna, shekara uku tsakaninmu. An sa mu lakwal, wato makarantar boko, a Dantchiao, ni na riga shi shiga. Ina aji uku ƙafar Baba ta lalace, aka ce ɗaya ya dawo ya bi shanu, kuma babba ne ke dawowa. Ban yi gardama ba. Haruna ya ci gaba, ya wuce Magariya, ya wuce Damagaram, har ya zama ma'aikaci mai biro da kujera. Ni na zauna da gero da gyaɗa da shanun gidanmu, nawa da nasa duk a hannuna. In ya zo gaisuwa tabarma ɗaya muke zama, akushi ɗaya muke sa hannu, ban taɓa jin komai a raina game da shi ba. Ko kuma dai abin yana nan kwance, bai samu mai tono shi ba sai a wannan shekarar.

Shekarar ce ya sayi mota, wata fara ƴar ƙarama da ta sha hannu kafin ta zo nasa. Ya aiko cewa zai kawo iyalinsa hutun lakwal su yi mako biyu, yara su ga inda ubansu ya tashi. Lokacin an gama maimai, gero ya kai ƙirji, aiki ya ɗan lafa. Suka iso shi da matarsa Maryama, wadda duk gari ke kira Madam don tana koyarwa, da ɗansu Bashir mai shekara shida, da Nana wadda ba ta cika uku ba. Ranar farko dariya muka sha. Bashir ya ga bunsuru ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa. Nana ta ƙi shan madara don ta ga inda ta fito. Inna ta dubi Bashir ta ce wannan miji nata na birni rago ne, ta sake shi saki uku, za ta koma wa mijinta na gida mai bin maruƙa.

Mijin nata na gida shi ne ɗan farina, yana da shekara bakwai a lokacin. A nan dole in tsaya in yi muku bayani, ku jikoki da kuka tashi kuna hawa cinyar iyayenku. A gidanmu ɗan fari na kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, in an yabe shi a gabansa sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Haka Baba ya yi mini, haka na yi wa nawa. "Kai" nake ce masa, ko "wancan yaron". Abu ɗaya ne tsakanina da shi. In na ɗaura wa shanu amalanke, sai ya hau ya zauna bayana, in mun bar gari in miƙa masa igiya ta baya ban waiwaya ba, shi kuma ya karɓa bai ce komai ba. Wannan igiyar ita ce duk hirarmu. Ni ta ishe ni, ina kuma tsammanin shi ma ta ishe shi.

Haruna ba shi da wannan takunkumi. Shi baffa ne, kuma zaman birni ya wanke masa kunyar ko da a kan nasa ɗan. Tun washegari ya fara kwasar yara, nasa da nawa, yana kai su yawon gani. Abin da ya ba ni mamaki, ba wani sabon abu yake nuna musu ba. Ya kai su tsohuwar kukar yamma da gari, mai kogo, ya sa su shiga su huɗu su yi ihu su ji muryarsu ta dawo. Ya kai su tudun yashi suna gangarowa a kan buhu. Ya kai su kasuwar Dungas suka kalli raƙuma, ya saya musu rake. Ya tsayar da su ƙarƙashin gawo ya tambaye su me ya sa shi kaɗai ba shi da ganye alhali duk itatuwa sun yi kore. Yana da na'urar ɗaukar foto rataye a wuya, kowane abu sai ya ɗauka, har kashin shamuwa a kan rumbu. Duk waɗannan abubuwa yarona yana wuce su kullum, ni ma ina wuce su tun kafin a haifi Haruna. Amma da yamma sai in ji yaron a bayan darni yana ba uwarsa labari kamar daga Makka ya dawo. Baffa ya ce kukar nan ta girmi kakan Inna. Baffa ya ce shamuwa daga wata ƙasa take zuwa. Baffa ya ce, Baffa ya ce. Ban taɓa sanin yaron nan yana da baki haka ba.

Rana ta huɗu ina dawowa daga gona na hango su. Haruna ya ɗora yarona a wuya, yana gudu da shi, yana kiran sunansa da ƙarfi, yaron yana riƙe da kunnuwansa yana dariya har da hawaye. Ni da na haife shi ban taɓa jin nauyinsa a kafaɗata ba. Na tsaya bayan wata gonar dawa har suka wuce. Da na shiga gida uwarku ta miƙo mini ruwa, na ce ya yi ɗumi, ta sake kawo wani daga randa, na ce wannan ma. Ta dube ni ta ce ruwan dai lafiyarsa ƙalau.

Babban yawon shi ne na tafki. Da damina shanunmu ba sa kwana kusa da gonaki, can muke kai su bakin babban tafkin da ke gabas da mu, inda akwai ciyawa da fili. Haruna yana so Bashir ya ga shanun kakansa, Madam tana so ta ga tsuntsayen da ya cika mata kunne da labarinsu. Wannan karon na yi murna a raina, don tafki nawa ne. Na ce a bar mota a gida, amalanke zai ɗauke mu duka. Tun da sassafe na share shi, na shimfiɗa tabarma biyu, na ɗaura wa shanuna Fari da Jatau karkiya. Uwarku ta dama fura, ta yi dambun zogale, aka cika bido da ruwa. Sai Madam ta ce girgizar amalanke za ta dami Nana, Haruna ya ce to yara su zaɓa. Bai rufe baki ba suka ruga mota. Yarona ne na farko. Ya bi ta gefen amalanken bai ko dube shi ba, ya shige gaba ya zauna kusa da baffansa. Aka bar ni da tabarmi da ƙwarya da bido.

Haruna ya leƙo ta tagar mota yana murmushi.

"Yaya, in mun kai mararraba wace za mu bi? Na manta."

Hanya biyu ce zuwa tafkin. Ɗaya ta hau jigawa, ta yi zagaye, yashi ne tun daga farko har ƙarshe. Ɗaya ta sauka fadama ta miƙe. Mutumin birni tsoron yashi yake yi, yana ganin baƙar ƙasa shimfiɗaɗɗiya sai ya ce ga hanya. Amma duk wanda ya taɓa bin saniya ya san da damina abin juyawa yake. Yashi in ya sha ruwa ƙarfi yake yi kamar daɓe. Fadama kuwa kwana biyu bayan ruwa samanta ke bushewa kamar ɓawon tuwo, ƙarƙashi laka ce mai haɗiye ƙafar saniya har gwiwa. Shekaranjiyar ranar an yi ruwa mai ƙarfi. Ni da kaina na yi wa yaron faɗa don ya bi ta can da maruƙa. Duk wannan yana cikin kaina lokacin da na dubi Haruna, na dubi yaron da ke wasa da madubin mota, na ce:

"Ta fadama ta fi kusa."

Suka tafi. Ni na bi ta jigawa a hankali. Daga kan tudu mafi tsawo ana ganin fadamar duka, kuma da na kai can ga farar motar a tsakiyarta, ta zauna da ciki kamar kaza a kan ƙwai. Ina ganin Haruna ya naɗe wando yana tonon ƙafafunta da hannu, yana karyo rassa yana cusawa. Da na sauka a lokacin, da abin ya tsaya a wasa. Ban sauka ba. Na ja shanu ƙarƙashin wata aduwa, na bar su suna kiwo, na zauna. Ina so ya gaji. Ina so yaron ya ga hannun biro ba ya ciro mota daga laka. Har na buɗe ƙwarya na sha furar da aka dama don yara. Ban tuna ba, ko kuma na tuna na ƙyale, cewa ruwan shansu duka yana bayana a cikin bido. Ban tashi ba sai da inuwar aduwar ta dawo ƙarƙashinta.

Na gangaro a tsaye a kan amalanke kamar mai dawowa daga yaƙi. Na tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi, na kwance shanu, na ɗaura doguwar igiya a gaban motar, na kira Fari da Jatau da sunansu. Ja biyu suka yi motar ta fito tana tsiyayar laka. Bashir ya yi tsalle yana tafi. Haruna, laka har gira, ya ɗaga na'urarsa ya ɗauke ni foto yana dariya, yana ce wa ɗansa ya zo ya ga injin da ba ya shan esansi. Na samu abin da nake nema. Na saci kallon yarona don in ga ya gani.

Ba ni yake kallo ba. Baffansa yake kallo, ya ce masa a hankali:

"Baffa, ai na gaya maka. Shekaranjiya Baba ya hana ni bi ta nan."

Madam tana zaune a bakin ƙofar mota da Nana a cinya, yarinyar ta yi kuka har ta daina, leɓenta ya bushe, kanta ya langaɓe. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mini gaskiya ne, tun a mararraba yaron ya kama hannun Haruna ya ce kada a sauka. Haruna ya ce masa ya yi shiru, babansa ya san dajin nan kamar yunwar cikinsa, duk ƙasar Magariya babu wanda ya fi shi sanin ƙasa da ruwa, in ya ce fadama to fadama ce. Ta ce tun da suka zo haka yake yi, duk abin da ya nuna wa yara sai ya ƙara da cewa Yaya ne ya koya masa. Daga nan ta roƙe ni ruwa.

Haruna ya dube ni, dubawa ɗaya, dariyar ta bar fuskarsa. Sannan ya juya wurin yara ya ce:

"Yaya ya manta an yi ruwa ne. Girma ya fara kama shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ƙanena ya rufa mini asiri a gaban ɗana, kuma yaro mai shekara bakwai da ya tashi a gidan manomi ya san manomi ba ya manta ranar da aka yi ruwa.

Aka bar motar a kan tudu, kowa ya hau amalanke, kamar yadda na so tun da safe. Muka isa tafki. Ban taɓa ganinsa da kyau irin na ranar ba. Ya cika har gindin giginyu, furen bado ya rufe gefensa, balbela ta yi fari a bayan shanu, kirinjijiya na tashi garke-garke tana fito, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar an kafa shi. Haruna ya yi ƙoƙari. Ya shiga ruwa ya ciro wa yara bado, ya tambaye ni wace ce jikar jar saniyar Baba don ya nuna wa Bashir, na nuna masa da baki. Madam ta zauna a inuwa tana jiƙa ɗankwali tana shafa wa Nana a goshi, tsuntsayen da ta zo gani ba ta ɗaga kai ta gan su ba. A hanyar komowa, da muka hau jigawa, na miƙa igiya ta baya yadda na saba. Na daɗe da hannu a miƙe. Bashir ne ya karɓa. Nawa yana can ƙarshen amalanke, ya juya baya, ƙafafunsa na lilo.

Kafin magariba jikin Nana ya yi zafi, ta yi ta amai. Inna ta kira ni ɗakinta, ba ta tambaye ni komai ba, ban san wanda ya gaya mata ba. Ta ce, "An cire ka daga lakwal, na sani, na kuma yi kuka a ranar. Amma ba Haruna ya cire ka ba." Na ce mata ni ban yi ƙarya ba, ta fadama ta fi kusa. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Washegari Haruna ya je ya ɗauko motar, suka kai yarinyar likita a Magariya, daga can za su wuce Damagaram, saura kwana takwas cikin hutunsu. Na raka su har bakin gari. Haruna ya riƙe hannuna kamar kullum, ya yi mini godiyar ɗawainiya, ya bar gaisuwa ga kowa. Sai da ya zauna a mota ya ce, ba da faɗa ba:

"Yaya, da ka ce mini kana so su hau amalanke, da na ajiye motar."

Nana ta warke, alhamdu lillahi, yau uwar ƴaƴa ce. Amma Haruna bai ƙara kawo iyalinsa hutu ba. Shi yana zuwa kowace shekara, shi kaɗai, ya kwana biyu, mu zauna tabarma ɗaya, mu yi maganar shanu da damina. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Shi ya sa ku da ƴaƴansa kuka tashi kuna gaisawa kamar baƙi, kuna tsammanin girman kai ne na mutanen birni. Ba nasu ba ne, nawa ne. Bayan wata biyu ya aiko da fotunan yawon a hannun wani direba. Na kuka, na tudun yashi, na raƙuma, duk ya rubuta wani abu a bayansu. Nawa da Fari da Jatau bayansa fari fat. Yana nan cikin akwatina, za ku gan shi, ina tsaye ƙirji a buɗe kamar na yi abin kirki.

Yaron bai sake karɓar igiya ba. Yana yi mini biyayya, yana bin maruƙa, bai taɓa ɗaga mini ido ba, amma in za a je gona sai ya riga ni tafiya a ƙasa. Da ya ci jarrabawar shiga kwaleji ya ce wa uwarsa yana so ya zauna wurin Baffa. Haruna ya zo da kansa ya roƙe ni shi, kamar yadda ƙane ke roƙon ɗan wansa, na ba shi. A gidansa ya girma, a hannunsa ya yi aure. Ranar da Haruna ya rasu yaron ne ke riƙe da kansa. Ni na isa bayan an yi masa wanka, da neman gafarar da na yi shekaru ina ɗagawa zuwa baɗi.

Daminar bara yaron nawa ya zo hutu da matarsa da yaransa uku, a tasa motar. Ya ce zai kai su tafki. Ya buɗe mini ƙofar gaba da ladabi, na shiga na zauna kusa da shi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Da muka kai mararraba ya tsaya. Na buɗe baki ke nan, sai ga wani mai babur ya taho daga gabas, mutumin da ko sunansa bai sani ba. Ya tsayar da shi, suka gaisa, ya tambaye shi wace hanya ce ke biyuwa. Mai babur ya ce ta jigawa. Ya yi masa godiya, muka hau yashi. Ban ga laifinsa ba.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. In kun ga wani yana ba ɗanku abin da kuka kasa ba shi, ku gode masa, ko ku faɗa masa abin da ke cin ranku tun yana da kunnen ji. Kada ku nuna wa ɗan'uwa hanyar da kuka san ba ta kaiwa, sannan ku ɓuya bayan cewa ba ku yi ƙarya ba. Kunyar ɗan fari kuwa ban ce ku zubar da ita ba, al'adar iyayenmu ce, amma kada ku bari igiya kaɗai ta yi muku magana. Ni dai bakina har yau bai iya ba, sai dai hannuna. Amadu, ɗana, ta jigawa ce hanya. Na sani tun a ranar. Ka yafe mini.